Waƙoƙi Uku Babu Jitar Auta

Litinin, da hantsi

Yau muka koma situdiyo. Ni ban yi niyyar zuwa ba. Kawu ne ya zo har shago ya tsaya a kaina ina kwance firjin wata mata, ya ce in wanke hannu mu tafi. Ba kawuna ba ne, shi ke kaɗa mana bes, jitar nan mai kaurin murya, amma tun yana saurayi yake da maganar tsofaffi, sunan ya bi shi.

Ɗakin yana nan yadda muka bar shi. Soson da aka manna a bango, jan kafet ɗin da ya sha ƙafa, gangunana a kusurwa an lulluɓe su da tsohon labule. In aka rufe ƙofar nan mai nauyi sai ƙarar titi ta ɗauke ɗif, kunnen mutum ya toshe kamar ya nutse a ruwa.

Jitar Auta tana kan kujerarsa, tsirkiya ɗaya a tsinke ta nannaɗe kamar gashi. Injiniya, mai ɗaukar mana sauti, ya ce ko mai shara kewaye ta take yi.

Mu huɗu ne. Ni a ganga, Kawu a bes, wadda muke ce wa 'Yar Sanda a waƙa, ƙanena Auta a jita. Mun daɗe muna kiɗan rok irin na Turawa a ƙananan wurare muna cewa wata rana za mu yi albam. Waƙa tara muka shirya. Shida sun kammala kafin ranar ruwan nan da Auta ya yi hatsari, har yau bai farfaɗo ba. Uku suka rage, kuma babu jita a cikinsu ko kaɗan. Ban san me ya sa nake rubuta abin da na sani ba. Kaina ne ba ya riƙe abu kwanan nan.

Injiniya ya ce an sayar da ginin, ƙarshen wata za a kwashe komai. Ya faɗa yana kallon na'ura. Sannan ya sa waƙa ta farko mu tuna inda aka tsaya. Kafin kiɗa ya shigo sai ga muryar Auta a lasifika: "Yaya, ka shirya ko sai ka gama hamma?" Ya yi dariya, ya ƙirga, jita ta faɗo.

'Yar Sanda ta tashi ta fita, wai za ta sha ruwa. Ga ruwa a gabanta.

Talata, da yamma

Babu canji.

Laraba, da azahar

Asibiti, hawa na uku, ɗakin ƙarshe a hannun dama. Ƙafata ta san hanya yanzu, ni dai sai in ga kaina a bakin ƙofa. Mama tana kan farar kujerar roba, ta riƙe hannun Auta na hagu tana shafa masa mai, yatsa bayan yatsa. An aske masa gefen kai. In ya tashi ya ga abin da aka yi wa sumar da ya daɗe yana tarawa, sai an riƙe shi.

"Ka ci abinci?" in ji Mama.

Na ce na ci.

"Ƙarya kake. Dubi wuyanka."

Na'urar da ke gefen gadon tana ƙara a hankali, ba ta gaggawa, ba ta latti. Na tsinci kaina ina bin ta da ƙafa. Mama ta dube ni, na daina.

Ba ta taɓa son kiɗanmu ba, hayaniyar gwangwani take ce masa. Ban gaya mata mun koma ba. Da ta fita neman nas na riƙe hannun. Kantar da tsirkiya ta yi masa a kan yatsu ta fara laushi.

Alhamis, da la'asar

An ɗauki gangar waƙa ta bakwai. Ina ciki ni kaɗai, su suna bayan gilashi kamar kifaye, bakinsu yana motsi ba na jin komai. Jar fitilar ɗauka ta kama. A kunnena bes ɗin Kawu ne kawai. Akwai wurin da jita take hawa ita kaɗai bayan amshi na biyu, a nan Auta yakan ɗaga kai ya yi mini alama da gira. Duk lokacin da muka iso wurin sai in ɗaga kai in dubi kujera, hannuna ya tsaya. Aka sake. Aka kuma sakewa.

'Yar Sanda ta danna maɓallin magana. "Yallaɓai mai ganga, wa kake jira ne?"

Ta faɗa kafin ta yi tunani. Na ga ta sa hannu a baki. Ita ce mai kama mu in mun yi latti, mai ƙwace wa Auta waya in ana aiki, shi ya raɗa mata sunan. Yau ba ta kama kowa ba.

Bayan mun gama ta ce akwai wani mutum da ke kaɗa wa mawaƙa jita a situdiyo daban-daban, Injiniya ya san shi, zai iya zuwa ya cike mana ukun. Na ce Auta bai mutu ba. Da ƙarfi na faɗa, soson bango ya shanye maganar, amma duk sun ji. Na ɗauki sandunana na fita.

Juma'a

Ban je ba. Na kashe waya.

Asabar, da sassafe

Na yi mafarki ruwa ya cika situdiyo har gwiwa, garau, wayoyi suna yawo a ciki kamar ciyawa. Auta yana zaune a kan lasifika yana ɗaure tsirkiya, ƙafarsa a ruwa, ba abin da ya dame shi. Ya tambaye ni ko an ɗauke ruwan sama, yana so ya fita ya dawo yanzu. Na buɗe baki in ce masa ya bari sai gobe. Jar fitila ta kama, kuma in ta kama ba a magana.

Na farka na tarar famfon banɗaki ne yake ɗiga.

Lahadi, da yamma

Kawu ya zo gida. Ya zauna a kan tabarma ya sha shayi ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi, sai labarin ciwon bayansa. Da zai tafi ya tsaya yana neman takalmi.

"In yaron nan ya tashi ya tarar an rushe ɗakin, waƙoƙinsa uku ba a ɗauka ba, wa zai fara ci wa mutunci?"

"Ni."

"To." Ya sa ƙafa ɗaya. "Kuma kada ka ƙara yi wa yarinyar nan tsawa. Kana wurin ranar. Ka ji abin da ta gaya masa kafin ya ɗauki makullin babur."

Na ji. Ba zan rubuta ba. Magana ce irin wadda mutum yake faɗa in ya gaji, da an kwana da an manta.

Talata, da hantsi

Mai jitar da 'Yar Sanda ta faɗa ya zo. Siririn mutum mai furfura kaɗan a gemu, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce ya cire. Ya ga jitar Auta a kan kujera, bai tambaya ba, ya jawo wani akwati ya zauna a kai ya zaro tasa daga tsohuwar jaka. Kawu ya ce masa Baƙo, ya amsa, shi ke nan ya zama sunansa.

Na zo da shirin in tsane shi.

Ya ce kafin ya taɓa komai a sa masa waƙoƙi shidan, jitar kawai, a cire saura. Injiniya ya kashe sautinmu ɗaya bayan ɗaya. Ganga ta tafi, bes ya tafi, murya ta tafi, aka bar Auta shi kaɗai a ɗakin. Ban taɓa jin sa haka ba. Ana jin yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiya, ana jin ya ja numfashi kafin wuri mai wuya, har da kukan kujera in ya gyara zama. Rana ta shigo ta ƙaramar tagar sama ta kwanta a kafet, ta yi ta rarrafe har ta hau ƙafar Kawu, ba wanda ya motsa.

Da aka gama Baƙo ya ce, "Wa ya koya masa?"

Na ce ba kowa. Jitar maƙwabcinmu ya riƙa ara yana ɓuya bayan tankin ruwa don kada Mama ta ji.

"Da gani," in ji shi. "Riƙon da yake mata ba daidai ba ne, shi ya sa take yi masa wannan kukan. Ni ba zan iya ba. Zan yi nawa, in bai yi muku ba ku goge."

Bai yi irin na Auta ba. Amma ya yi kyau, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Laraba, da rana

Babu canji. Nas ta ce mu riƙa yi masa magana, wai yana iya ji. Na zauna na ba shi labarin firjin matar nan da ya ƙi yin sanyi.

Alhamis, da yamma

'Yar Sanda ta kasa rera ta takwas. Auta ne ya rubuta baitocin, kuma kowa ya san da wa yake, sai dai ba a taɓa faɗa ba. Takan tafi lafiya har baiti na biyu, daga nan murya ta tsinke mata kamar an taka waya. Injiniya ya rage mata haske, ya kawo ruwan ɗumi, ya ce mu juya baya. Duk a banza.

Na same ta a matattakala tana zaune, ta rungume gwiwa.

"Yaya," ta ce. Ba ta taɓa ce mini Yaya ba. "Ya yake?"

"Zo ki gani."

"Mama za ta kore ni."

"Mama ko saninki ba ta yi ba."

"Shi ya fi muni ai."

Na zauna kusa da ita. A ƙasa wani yana wanke mota, ruwan yana gangarowa titi yana ƙyalli, na yi ta kallonsa har ya shige kwata.

Asabar, da hantsi

'Yar Sanda ta zo asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa da ledar ayaba kamar ɗalibar da aka kira ofis. Ta durƙusa ta gaida Mama, muryar da ke cika ɗaki ta koma ƙarama.

Mama ta daɗe tana kallonta. "Sake magana in ji."

"Ina kwana, Mama."

"Ke ce mai muryar."

Ta buɗe jaka ta ciro wayar Auta. Ban san tana hannunta ba. Gilashin ya farfashe kamar gidan gizo-gizo amma tana aiki. Ashe in ba na nan Mama takan sa masa waƙoƙinmu a gefen kunne, nas ce ta nuna mata inda ake dannawa.

"Ni dai har yanzu hayaniya nake ji," in ji ta. "Amma in taki muryar ta shigo, babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Na gani da idona, likita ya ce ban gani ba. Zo ki zauna nan, 'yar nan."

Ta ba ta farar kujerar. Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni ita ba. 'Yar Sanda ta sunkuya kusa da kunnensa ta fara magana ƙasa-ƙasa, Mama ta ja hannun rigata muka fita baranda. Ta ce, "Ashe kun koma wurin kiɗan." Na ce eh. Ta ce, "Ku gama masa."

Litinin, da azahar

Likita ya kira mu wani ƙaramin ɗaki mai labule kore. Ya ba Mama kujera, ya rufe ƙofa. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Akwai wata shuka a kan tagarsa, ganyenta ɗaya ya bushe, na yi ta tunanin me ya hana a cire shi.

Talata

Zazzaɓi.

Laraba

Zazzaɓi. Kawu ya kawo lemu, ya zauna ya ɓare duka, ba wanda ya sha.

Alhamis, da la'asar

Na fito daga asibiti ban hau mota ba, na bi ƙafata. Sai ga ni a titin da ban bi ba tun ranar hatsarin. Shagon masu sayar da tsirkiya yana buɗe, mai shagon yana gyangyaɗi. Kwanar tana nan, da turken fitila, an sake masa fenti daga ƙasa. Wata mata tana shara, yara sun taso daga makaranta suna ture-ture. Wurin ba komai. Na tsaya ina jira in ji wani abu, sai ƙamshin burodi daga gidan da ke gefe.

Na sayi tsirkiyar. Mai shagon ya ce wace lamba, na faɗa masa, ban san na sani ba.

Juma'a, da yamma

Zazzaɓi ya sauka da asuba. Mama ta bugo ta ce ya yi gumi har an canza zanin gado.

'Yar Sanda ta rera ta takwas a tashi ɗaya, idonta a rufe, takalmi a hannu. A baiti na biyu muryar ta ɗan girgiza, Injiniya ya miƙa hannu zai tsayar, Kawu ya riƙe masa hannu.

Saura ta tara. Ita ce ba mu taɓa kaɗawa tare ba, Auta yana ta cewa bai gama ba. Na karɓo wayarsa wurin Mama muka duba, muka same ta. A shagona ya ɗauka wata rana da na fita, jita ba lasifika, yana bin ta da gunaguni a hanci, babu kalmomi. A bayansa firji yana ta ruri.

Baƙo ya saurara har ƙarshe, ya mayar da jitarsa jaka.

"Wannan babu wurina a ciki. Ku sa ta yadda take, ku bi shi a hankali."

Haka muka yi. Na ajiye sanduna na kaɗa da tafin hannu. Kawu ya riƙa bi da bes, yana sa ƙafa inda Auta ya ɗaga. Auta ba ya tafiya daidai a waƙar, yakan tsaya ya yi tunani, yakan yi sauri, mu kuma muna biye kamar masu raka mai tafiya cikin barci. Injiniya ya ce zai iya cire rurin firjin. Na ce ya bar shi, na san firjin, na gyara shi.

Lahadi, da safe

Ya buɗe ido.

Lahadi, da yamma

Ya dubi rufin ɗaki ya daɗe. Ya dubi Mama, ya dube ni, irin kallon da kake wa wanda kuka taɓa haɗuwa a mota. Mama tana ta kiran sunansa na yanka, wanda ba mai kira. Nas ta ce ya matse hannunta, na dama ya matse. Ta koma na hagu. Ta ce ba komai, a hankali.

Bai yi magana ba.

Talata

Bai yi magana ba. Ya sha ruwa da cokali.

Alhamis, da hantsi

Ranar ƙarshe. Mun tarar ma'aikata sun fara ɓare soso, bango ya fito tsirara, fari da tabon gam. Na tafa hannu, sautin ya dawo mini. Ɗakin da bai taɓa mayar da magana ba.

Injiniya ya tura mini waƙoƙi taran a waya. Ya ce bai san inda zai koma ba tukuna, amma zai neme mu. Baƙo ya zo taya mu ɗaukar kaya, ba wanda ya kira shi. Shi ya ɗaura wa jitar Auta sabuwar tsirkiyar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Kawu ya naɗe jan kafet ya ce nasa ne, ba wanda ya yi masa gardama.

'Yar Sanda ta ce mu yi sauri, mai mota yana jira, ta kama Kawu yana zaune. Na ji daɗin jin tsawarta.

Asabar, da la'asar

An ɗaga masa kan gado, yana kallon taga. An yi ruwa da rana, bishiyar da ke waje tana ɗiga. Mama tana gyangyaɗi a kujerarta.

Na zauna a bakin gadon na sa masa abin ji a kunne ɗaya, na sa ɗayan a nawa, kanmu ya kusa haɗuwa. Na ce, "Auta, albam ɗinka ne." Bai juyo ba.

Ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku. Idonsa a kan bishiya. A ta biyar na ga yatsun hannunsa na dama suna motsi a kan bargo, ƙasa da sama. Na hagu yana kwance inda nas ta ajiye shi.

Ta bakwai ta shigo. Da aka iso wurin da jita take hawa ita kaɗai, goshinsa ya tattare. Ya juyo da kai a hankali har ya same ni. Bakinsa ya yi ta motsi kafin sauti ya fito, muryar a dishe, kalmomin suna jan ƙafa.

"Wane... ne... wannan?"

Mama ta farka ta dafe ƙirji. Na tsayar da waƙar. Na gaya masa komai, ginin da aka sayar, da Baƙo, da yadda na ƙi, da yadda na yarda. Na ce in bai so ba za a goge, a jira shi, ko yaushe ne. Ya sauke ido kan hannunsa na hagu. Ya daɗe yana kallonsa, ni ma ina kallo, bai motsa ba. Hawaye ya gangaro masa ta gefe ya shige kunne, inda abin jin yake.

"Ya iya," ya ce.

Mama ta taso ta goge masa fuska da gefen mayafinta. Ya rufe ido, na ɗauka barci ya koma, na miƙa hannu zan zare abin jin. Sai ya kama yatsana da hannun dama.

"Yaya."

"Na'am."

"Kana gudu... a amshi."

Mama ta ce me ya ce, na ce cewa ya yi ban iya ganga ba. Ta ce ai ta daɗe tana faɗa. Na yi dariya har na kifa kaina a kan bargon, na kasa ɗagowa.

Ya ja yatsana. "Mayar... daga farko."

Na mayar.